Ruwan Gashin Inna

Dab da magariba Inna Barira ta miƙa wa Zahara'u kwanon ruwan gashi.

"Ke, je ki zubar. Ki yi bisimilla fa, da sauran zafinsa."

Kwana uku ke nan da masu lamba suka zo Zandam da bindigar allurar nan tasu da ake takawa da ƙafa, suna rigakafin agana. Zahara'u ce ta ja uwarta cikin layi. 'Yar sakandare ce, ta zo hutu daga Birnin Kudu, ta kuma ga yadda agana ke ɓata fuska. Damtsen Inna ya ɗan kumbura, shi ne ake gasawa.

Zahara'u ta zagaya bayan gida, wajen bolar da ke gindin tsamiya. Kwanon na ƙona mata yatsu, kuma dama a makaranta sun sha yi wa irin wannan camfi na ƙona 'ya'yan aljanu dariya. Ta watsa ruwan kawai.

Wani abu ya tsala ƙara. Siririyar ƙara, irin ta jinjiri.

Tururi ya tashi, da ƙaurin fata.

Sai muryar mace, ƙasa-ƙasa, daga cikin toka: "Wa ya yi mana haka?"

Bakinta ya riga hankalinta. "Ba ni ba ce. Inna ce."

Ta ruga gida, ba ta gaya wa kowa ba.

Da safe ludayi ya suɓuce daga hannun Inna. Ta ce yatsunta sun mutu, wani abu kamar tururuwa yana bin jijiyarta. Mahaifin Zahara'u, Malam Maikano, ya goya Inna a keke har Gwaram. Malamin asibiti ya matsa nan, ya matsa can, ya ce mai yiwuwa allurar ce ta taɓa jijiya, ko zazzaɓi ne, ko gashin ne ya yi yawa. Shi kansa ba shi da tabbas.

Da suka dawo Malam ya jingine keke, ya dubi 'yarsa. "To, likita, ga lambar taki nan."

"Ƙyale ta, Malam," in ji Inna. "Alheri ta nufa."

Da marinta Inna ta yi da ya fi mata sauƙi.

Kwana bakwai, abin ya hau kafaɗa, ya doshi wuya. Inna ta fara jan magana. Ranar da yamma Zahara'u ta ɗebi nono a 'yar ƙwarya, ta nufi bola.

Ba iska. Kaji sun shige. Ko gyare ba ya kuka.

Wata mata na zaune a kan toka, ta ba ta baya. Gashinta har ƙasa. A cinyarta akwai wani abu a naɗe, yana numfashi da ƙyar.

"Sannu, Baba," in ji Zahara'u cikin raɗa.



"Na kawo nono. A yi haƙuri."

"'Yar aike ce ke," in ji matar. "Ajiye ki tafi. Da uwarki muke."

Ƙafar Zahara'u ta ja baya, taku ɗaya. Hanyar gida a buɗe take. Ba wanda zai taɓa sani.

Ta tsaya.

"Ƙarya na yi. Ta ce in yi bisimilla. Ni na ƙi."

Numfashin nan ya ɗauke.

Matar ba ta juyo ba. Hannunta ne ya miƙo ta baya, ya yi ta tsawo, ya kama na Zahara'u na dama.

Zafi, kamar an tsoma shi a tafasasshen ruwa.

Ƙwarya ta faɗi. Daga masallaci ladan ya ɗaga murya. Riƙon ya sassauta, ta fizge, ta bi ta cikin ƙaya da rarrafe har ƙofar gida.

Bayan sati uku Inna ta koma tuƙa tuwonta. Malam ya ce rubutun da aka sha ne, malamin asibiti ya ce jijiya ce ta warke da kanta.

Zahara'u kuwa yatsunta uku ba sa jin komai har yau. Da aka koma makaranta sai ta koyi riƙe alƙalami da hagu, 'yan aji na ta tsokanarta. Inna takan riƙe hannun tana murzawa da man shanu, tana cewa, "Allah sarki, ke ma lambar ce ta taɓa ki."

Zahara'u takan sunkuyar da kai, ta ce, "E, Inna."