Kitson Saman Jigo

Da hantsi muka nufi Mkoani da ke tsibirin Pemba daga Tanga, ni da yayana Makame, za mu kai wa wani Bature jirginsa mai tafiya da iska. Aiki ne da muka saba. Abin da kawai ya dame ni shi ne ƙyallen gaba mai kama iska, wanda ake naɗe shi a jikin wayar da ta tashi daga hancin jirgi zuwa kan jigo, dogon ƙarfen nan da ke tsaye a tsakiyar jirgi. Na asalin ya yage, Makame ya samo wani gajere ya ɗaura.

Mzee Faki, dattijo mai ɗinkin ƙyallayen jirage, ya gargaɗe shi tun a gaɓa.

"Ƙara masa igiya a ka, ƙarfen da ke juyawa a kan ƙyallen ya kai can ƙoli. In ka bar fili, igiyar ɗagawa za ta nannaɗe wayar. Kuma ba a barin wurin zama a sama."

"Wa zai zauna, Baba? Tsuntsu?" in ji Makame, yana dariya. Yayana ke nan, kunnen ƙashi tun yana yaro.

Rana na shirin faɗuwa iska ta ƙaru. Muka ja igiyar naɗewa, ƙyallen ya yi juyi biyu ya cije. Ba gaba, ba baya. Injin jirgin kuwa da muka tayar, ya yi tari ya mutu. Iska na tura mu, ga ƙarar ruwa a kan duwatsun bakin Pemba, tana matsowa.

"Tatu, ke ce mara nauyi," ya ce, ya kasa kallon idona.

"Yanzu ka san da ni, ko?"

Na zauna a kujerar igiya, na soke wuƙa a ƙugu, ya ja ni sama. Jigon na lilo da ni, gwiwoyina na bugun ƙarfe. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Da na isa, sai na ga igiyar. Na sha ganin igiya ta nannaɗe waya, hargitse take yi. Wannan kuwa kitsa ta aka yi, tsaf, sala-sala, irin kitson amare.

Iskar ta ɗauke a kunnena. A ƙasa ƙyalle na ta fal-fal, amma nan sama tsit. Sai ƙamshin turaren udi, haɗe da ƙarnin laka.

Kallabina ya zame. Ba iska ce ta cire shi ba.

Yatsu masu sanyi suka shiga gashina ta ƙeya. A jiƙe suke. Suna tsaga, suna ja, ba gaggawa.

"Daina motsi," aka raɗa mini. Muryar mace ce. "Za ki ɓata mini."

Na buɗe baki zan yi addu'a, ta ɓace mini, sai na ƙwala kira.

"Yaya! Sauke ni!"

Makame ya saki igiya. Kujerar ta yi ƙasa, kaina bai bi ta ba. Gashina na cikin kitson, an haɗe shi da igiyar jirgi. Na rungume jigo, wuyana kamar zai tsinke.

"Ja! Mayar da ni!"

Ya ja. Duwatsu sun matso har ina ganin farin kumfa.

"Saura kaɗan," in ji muryar. "In na gama, sai ki zauna."

Na laluba wuƙa. Na fara yanke ɗaurin kan ƙyallen, ya sulale ƙasa, jirgin ya rage gudu. Sannan na kai wuƙar ƙeyata.

Yatsun suka tsaya.

"Haba, 'yar uwa."

Na yanka. Har da fata.

Ban san yadda na sauko ba. Na dai farka Makame na danne mini ƙeya da rigarsa, yana kuka, anga, ƙarfen tsayar da jirgi da ya jefa, ta kama ƙasa dab da duwatsun. Masunta ne suka ja mu zuwa Mkoani.

Yanzu duk jirgin da za mu ɗauka, Makame da kansa yake ɗaga kai ya duba. In ƙyalle gajere ne ya ƙara masa igiya, ya ɗaure ta tamau, ba musu. Wancan jirgin kuwa Baturen ya nemi mai hawa jigonsa ya rasa, yana nan ɗaure a bakin gaɓa.

Ƙeyata har yau ko gashi ɗaya bai sake fitowa ba. Amma ran nan na bi ta gaɓar, na yi kuskuren ɗaga kai. Kitson yana nan, baƙi wuluk, yana sheƙin mai. Ya sauko har rabin jigo.