Ɓarawon Da Ya Wanke Tukwane

Sufeto Moira Heslop ta tsani makon gasar kayan lambu. Tsofaffi masu furfura sai su cika ofis da ƙara a kan albasa. Bana Alban Thirlwall ne, wanda ya shekara yana cika baki a mashaya cewa shi zai fara noman kuɓewa a ƙauyen, wurin da rana ba ta leƙowa sai ta ga dama.

"An kwashe ta kaf, Sufeto! Ga shi gobe alƙalan gasa za su zo dubawa. Maƙwabcina Cuthbert ne, baƙin ciki zai kashe shi. A kore shi daga gasar!"

Moira ta duba ɗakin gilashin da yake renon shukar. Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Tukwanen shuka kuwa an wanke su tas, an jera daga babba zuwa ƙarami.

Ta leƙa ta kan shinge, ta tarar da Cuthbert yana shafa albasarsa kamar jariri.

"Ni ko kallon lambunsa ban taɓa yi ba," in ji shi.

"To wannan akwatin da ke jikin shinge, mai sawun takalminka fa?"

Ya sosa ƙeya. "To, ina ɗan leƙawa. Amma me zan sata? Ganye zalla! Ko zomona ba zai ci ba."

Haushi ya ishe ta. Ta nufi ramin takin Alban, don ta san halin mutanenta: gara su yar da zoben aure da su zuba ganye a shara. Ai kuwa ga karan kuɓewa an yayyanka gutsi-gutsi, an rufe da kwali, har an yayyafa ruwa don ya ruɓe da kyau.

"Mista Thirlwall, ɓarawonka ya wanke maka tukwane, ya haɗa maka taki. Ba ni adireshinsa, ina neman mai aiki."

Alban ya zauna daɓas a kan bokiti. "Ni ne. Ta ƙi yin 'ya'ya. Da wane ido zan shiga mashaya?"

"Shi ne ka laƙa wa maƙwabcinka sata."

Ta ɗauko guntun kara, ta dubi hoton da ke jikin takardar irin kuɓewar da aka yar a gefen ramin. "A ina kake neman 'ya'yan?"

"A ƙarƙashin ganye mana, a rataye kamar wake."

"Waɗannan da ke kallon sama fa?"

"Furen da ya ƙi buɗewa ne."

Ta kara masa hoton da guntun karan a hanci. Kuɓewa ce, 'yan ƙanana shar da su, reras a jikin kowane kara.

"Mu je ofis, ƙarar ƙarya laifi ce," in ji Moira.

Tana tura shi mota Cuthbert ya ɗago kai ta kan shinge. "Alban! In alƙalai sun zo gobe, ramin takin zan nuna musu?"