Hannun da Bai Ji Zafi Ba

Kada ka ce ba ka sani ba. Kullum jirgin da ke kai ka aiki yana bi ta gaban ginin Kamfanin Lasa a Sabon Birnin Rima. Kana hango mata arba'in ta gilashi, kowacce da waya manne a bayan kunne tana tauna a hankali, sai ka kau da kai.

Ka kuma san aikin da suke yi. Tun da gonaki suka koma hannun injuna, abincin talaka ya zama ƙullun waken suya, mai ƙosarwa amma salam. Sai Lasa ta ƙera wata na'ura, maɗanɗani. Mace mai kaifin harshe za ta ci miyar gaske, na'urar ta kwashe saƙon da jijiyoyinta ke kai wa ƙwaƙwalwa, ta watsa wa duk mai ɗan maɓalli a bayan kunne. Kana haɗiyar ƙullu, bakinka yana jin kuka da man shanu.

A cikin matan nan babu kamar Ladingo. Hotonta ne a kowane allon talla, kuma kowane allo yana ci wa yayarta Barira rai. Uwa ɗaya ta koya musu girki kafin ta rasu, Barira ce kuma ke gane daddawar da ta kwana a buɗe tun daga bakin ƙofa. Amma da suka je gwaji tare, ƙanwar aka ɗauka.

Wata Asabar Ladingo ta zo gidanta da tsohon ciki. Barira ta zuba mata ɗanwake, ta tsaya tana kallon zoben hannunta.

"Yaya, ba ki sa yaji ba?"

"Cokali biyu na sa. Ko bakin naki ya fi ƙarfin abincin talakawa?"

Ladingo ta ajiye cokalin. "Wallahi ba na jin komai. Duk ranar da na yi zaman ɗanɗano a kamfani, sai na kwana biyu kamar takarda nake tauna. Hannuna ma kamar na sa safa. Likitansu ya duba, ya ce bai ga dalili ba, wai na ɗan lokaci ne. Yana dawowa kuwa. Don Allah kada ki faɗa wa kowa, kore ni za su yi."

"Ni da wa zan faɗa wa?" in ji Barira. Amma wani sanyi ya ratsa zuciyarta, sanyin da ta ji kunyarsa na minti ɗaya tak.

Ran Litinin Barira tana ofishin mai kula da zauren ɗanɗano na kamfanin.

"Ranka ya daɗe, harshen da kuke talla da shi ya mutu. Nawa ga shi, lafiya lau."

Mutumin bai ko yi mamaki ba. Ya tura mata takarda da alƙalami. Kafin Juma'a an sauke hoton Ladingo, an ɗora nata. Ladingo ta kira ta tana kuka, tana cewa gara da kujerar aikin ta tsaya a gidansu, ba ta tafi hannun bare ba.

A mako na uku Barira ta ciji barkono ta ji kamar ciyawa. Ta tsunkuli tafin hannunta, shiru. Ta ce a ranta gajiya ce. Ita ba Ladingo ba ce, kuma ba za ta buɗe baki a ce duk kanwar ja ce su biyun ba.

Ana haka Ladingo ta haihu. Babu uwa, don haka wankan jego ya faɗo kan yaya. Da safe Barira ta zo kai tsaye daga zaman asuba na kamfani, ta ɗaure ganyen darbejiya, ta kunna tukunyar lantarki. Tukunyar tana da ma'auni, takan yi ƙara idan ruwa ya wuce kima. Sai dai babu matar da ke sauraronta a birnin nan. Injin bai san jego ba, in ji su, ruwan da yake yarda da shi na wanke kwano ne. Hannun babba shi ne ma'auni.

Tukunyar ta yi ƙara. Barira ta kashe ƙarar, ta tsoma hannu. Ɗumi-ɗumi. Ta ƙara wuta.

"Yaya, tururin nan fa ya yi yawa," in ji Ladingo daga kan kujera, ta juya mata baya.

"Raguwa kawai. Na taɓa da hannuna."

"Hannun naki yana ji dai ko?"

Nan ne Barira ta samu damar faɗin gaskiya. Ta dubi wuyan ƙanwarta, mai kyau har bayan haihuwa.

"Ba kowa ne irinki ba," ta ce. Ta tsoma ganyen, ta sheƙa mata a baya.

Har hawa na tara aka ji ihun.

Bayan kwana biyu, a barandar asibiti, jin Barira ya dawo. Abin da ta fara ji shi ne raɗaɗin ƙunar da ke hannunta, wadda ta yi kwana biyu tana kallo kamar ta wani. Kamfanin bai yi ƙarya ba, na ɗan lokaci ne. Tabon da ke bayan Ladingo kuwa haka zai zauna har ta koma ga Allah, kuma ba ta sake kiran kowa Yaya ba.

Za ka ce hassada ce ta jawo, ka wanke kanka. To wa ya sa mata arba'in a gilashi, ya ce ciwonsu ba shi da dalili, bai kuma nemi dalilin ba? Wa yake jin daɗin miyar? Kai hannu bayan kunnenka yanzu, ka cire maɓallin nan. Ran Alhamis majalisar birni za ta zauna. Ka je ka ajiye shi a kan teburinsu, ka ce a rufe zauren har sai an gaya mana abin da ke kashe jin matan nan.