Banjon da Aka Ɗaure Kamar Jita

Ranar Litinin da hantsi, ƙamshin jan wake na fitowa daga gidajen unguwar Tremé, aka kira Sufeto Lenora Duplessis zuwa shagon Baba Cleophas Arceneaux, mai sayar da tsofaffin banjo, abin kiɗa mai tsirkiya irin garaya.

Ba a fasa ƙofa ba. Banjon da ake ƙara a kansa yana kwance bisa tebur: tsirkiya huɗu, gajeren wuya, ƙirar 1926, an rufe fuskarsa da fatar maraƙi. Da safe wani mai saye daga Houston ya ɗaga shi, ya ji ba nauyi, ya ajiye ya fita. An zare zoben tagullar da ke ƙarƙashin fatar, an maye shi da na ƙarfe mai arha.

Baba Cleo ya ce zoben nan shi ne muryar banjon, shi ke sa a ji shi a tsakiyar masu busa. "In babu shi, Sufeto, kwanon wanki ne da wuya."

Ban da tsohon, mutum biyu ke da makulli: Virgil Landry, mijin 'yarsa, mai kula da ciniki, da Renée Fontenot, mai ɗaura fata.

Virgil bai jira tambaya ba. Ya ce shi ciniki kaɗai ya sani, bai taɓa kwance ko ƙugiya ɗaya a jikin banjo ba. Renée ce ta buɗe shi makon jiya, kuma kowa ya san tana fama da shari'a.

Sufeto ta rubuta. Ta kuma lura yatsun hannunsa na hagu sun yi kanta, irin wadda tsirkiya ke bari.

Renée tana ɗakin baya, 'yarta Odile, mai shekara biyu, a kan cinyarta. Ranar Juma'a za ta tsaya gaban alƙali, don tsohon mijinta na neman karɓe yarinyar. Duk uwa ta san abin da takardar kamu za ta yi a irin wannan mako.

"Kin buɗe banjon?"

"Na buɗe. Aikina ne."

"Zoben yana ciki?"

"Da hannuna na goge shi." Ta gyara wa yarinyar takalmi. "Ki sa min ankwa yau, Juma'a a raba ni da ita. Na sani, Virgil ma ya sani, shi ya sa bakinsa ke rawa. Amma ban ɗauka ba, kuma ba zan roƙi kowa ba."

Ta bayyana yadda take aiki. Takan jiƙa fatar, ta ɗaura, ta bar ta kwana huɗu ta bushe saboda damshin garin nan. Sannan ta rubuta harafin farko na sunan 'yarta da fensir a bayan fatar, daidai inda wuyan ya haɗu da jikin.

Sufeto ta sa aka cire murfin baya. Harafin yana nan, amma ya koma can ƙasa. Wani ya cire fatar bayan ta bushe, ya mayar da ita a juye.

Virgil ya yi dariya daga bakin ƙofa, ya ce ai mai wayo za ta juya da gangan. Renée ta ce mai wayo dai ba zai yi aure don shago ba. Baba Cleo ya sunkuyar da kai.

Sufeto ta tambaya ko ana cire fata ba tare da an sassauta tsirkiya ba. Tsohon ya ce ba ya yiwuwa. Shi yake ɗaure kowane banjo da kansa, ranar Juma'a ya ɗaure wannan, kuma tun safe baƙin ciki ya hana shi taɓawa.

"Kaɗa mana, Baba."

Ya rungume shi, ya sa yatsu inda ya saba sa su shekara sittin, ya fara taken rakiyar gawa. Abin da ya fito ba take ba ne. Odile ta toshe kunne.

Ya taɓa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ta canza.

"Wa ya ɗaure min banjo kamar jita?"

Ya ce ɗan banjo na gaske yana barin tazara mai faɗi tsakanin sautin tsirkiyoyi. Masu jita ne, in sun ari banjo, suke ɗaure shi irin na jitarsu don kada yatsu su ɓata.

"Renée na kiɗa?" in ji Sufeto.

"Ko tafi ba ta iya ba," in ji tsohon.

"Kai fa, Virgil? Kantar yatsunka ta ciniki ce?"

Shekara ashirin Virgil yana kaɗa jita a cocin unguwar, kowa a ɗakin ya sani. Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya karɓi makullin motarsa. A but ɗin motar ya sami zoben, an naɗe shi da tawul cikin kwali, da adireshin wani maƙerin banjo a Tennessee.

Virgil ya zauna. Ya ce ranar Asabar ya yi, bayan an rufe shago, kuma ya ɗauka mai sayen ba zai gane ba. "Kunnena ne ya ɗaure shi. Ban ma san na yi ba."

"Da ka ɗora wa uwar yarinya, shi ma kunnenka ne?" in ji Sufeto.

Kofur ya sa masa ankwa, ya fita da shi ta gaban maƙwabta.

Baba Cleo ya matso wajen Renée yana cewa 'yata ki yi haƙuri. Renée ta saɓa Odile a kafaɗa, ta tura masa takarda da fensirinta.

"Rubuta cewa ba ni na ɗauka ba, Baba, ka sa hannu. Alƙali ba ya jin haƙurin baki."

Tsohon ya ja kujera ya fara rubutu. Sufeto ta tsaya har ya gama, ta sa nata hannun a ƙasan nasa.