Bokiti Huɗu na Yashin Kufai

Ranar wata Laraba cikin kakar gyaɗa ta 1954, Armaya'u ya fito daga gida gab da magariba don ya kulle rumfar fetur. Rumfar tana bakin hanyar mota a Wagini, inda motocin gyaɗa masu zirga-zirga tsakanin Batsari da Safana ke tsayawa a zuba musu mai. Duro goma sha ɗaya ne a ciki ranar, da famfon hannu guda. Bayan rumfar buhunan gyaɗa ne jibge, bayan buhunan kuma ɗakunan jinka. Na uku a jere shi ne nasa, inda matarsa Hansai take jego.

Kamfanin da ya kafa rumfar ya rubuta dokarsa a allo da jan fenti, Armaya'u kuwa ya haddace ta ko da yake bai yi boko ba. Kada wuta ta kusanci rumfa da taku arba'in. Bokiti huɗu su zauna cike da yashi. In gobara ta tashi a buga ƙarfen da ke rataye, a zuba yashi, kada a zuba ruwa. Doka ce mai kyau, ba mai musun haka. Sai dai allon bai faɗi inda za a ɗebo yashin ba.

Yashin kirki yana rafi, tafiyar rabin yini da jaki. Akawun kamfanin, Malam Lawal, ya ce ba shi da jakin ɓatawa. Ya nuna wani kufai a gangare, inda farin yashi ke kwance sumul.

"Ranka ya daɗe, ko makiyaya kewaye wurin nan suke yi," in ji Armaya'u. "Kullum a share yake, ba a taɓa ganin mai sharar ba."

"To, ai an rage maka aikin tankaɗe," akawu ya ce yana dariya. "Bature zai zo dubawa ranar Asabar. Shi za ka gaya wa aljanu sun hana?"

A ranar, Litinin ce, Armaya'u ya yi bismilla ya cika bokitan da yashin kufai. Ranar Laraba da hantsi duro ɗaya ya faɗo daga mota ya tsage a gindi. Akawun nan dai ya ce a shafa sabulu a wurin, gobe a juye. Ya hau motar ya koma Safana.

Tun kafin Armaya'u ya kai ƙofar rumfar warin ya tare shi. Sabulun ya ɓanɓare. Fetur na ɗiga, ɗis, ɗis, ya taru, ya samu 'yar hanyar ƙafa da ta gangara wajen kufai, ya bi ta siriri kamar zare.

Ya durƙusa zai toshe tsagar da tsumma, sai ya lura gari ya yi tsit. Ba ƙarar taɓarya. Ba kukan awaki masu komowa. Sai ɗigar mai.

Da kuma numfashi.

Ya waiwaya. Ba kowa a rumfar. Bokitan huɗu na jere a bakin ƙofa. Yashin cikinsu yana ɗagowa a hankali, yana komawa, yana ɗagowa. Ya kai tafin hannu kan ɗaya. Da ɗumi, irin ɗumin bayan jariri.

Sai ƙaurin hayaƙi.

Wata tsohuwa ce ke hawowa daga gangare, riƙe da kasko cike da garwashi, kamar yadda mata ke ɗebo wuta a maƙwabta da almuru. Armaya'u ya san kowace tsohuwa a Wagini. Wannan bai san ta ba.

Ya zabura ya ɗauki guduma ya maka wa ƙarfen. Ya ji girgizar har kafaɗarsa. Ƙara ba ta fito ba. Ya sake. Shiru.

Ta riga ta wuce dutsen da ya aje alamar taku arba'in.

"Inna, don girman Allah ki tsaya nan."

"Sannu da aiki, ɗan nan." Tana can nesa, amma muryar a gindin kunnensa take. "Kwana biyu ina neman daɓen ɗakina. Ashe nan aka kawo mu."

"Ba da son raina ba ne, Inna."

"Ai ban yi fushi ba. Yaran ne ba su ci tuwo ba tun shekaranjiya. Matsa in hura wuta."

Garwashin ya yi ja. Taku ashirin. Bayan kwanon rumfar nan akwai gyaɗa, akwai jinka, akwai Hansai da 'yar kwana goma sha biyu.

"Inna," ya ce da raɗa, "nan ba wurin girki ba ne. In mai da su gida?"

Ta tsaya. Ta daɗe tsaye.

"Kada ka tashe su."

Ya zura sandar ɗaukar ruwa cikin hannayen bokitan, biyu nan, biyu can, ya saɓa. Nauyin ya fi na yashi. Ya bi ta gefenta kansa a ƙasa, yana karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, yana ɓata, yana komawa farko. Ta juya ta biyo shi. Zafin kaskon na dukan ƙeyarsa.

Taku talatin daga rumfa.

Arba'in.

Hamsin da biyu. Ya fara jin zai rayu.

Wani abu ya yi tari a bokitin baya. Tsohuwar ta sunkuya ta duba. Kaskon ya karkace.

Garwashi ɗaya tak.

Wuta shuɗiya ta tashi, ta kama zaren man, ta miƙe sama wajen rumfa.

Ga yashi a kafaɗarsa. Abin da aka aje shi dominsa ke nan. Ya sauke, ya cafki bokiti zai watsa.

Wani ɗan hannu ya fito daga cikin yashin ya riƙe masa babban yatsa.

Ya aje bokitin a hankali.

Ya ruga. Ya wuce wutar, ya faɗa kan hanyarta da ƙirji, yana birgima, yana yaƙusar ƙasa da hannu biyu, yana tura ta kan man. Rigarsa ta kama. Bai tashi ba. Ya yi ta tona har zaren ya yanke.

Sai ya ji ladan. Sai taɓarya. Sai ihun kansa.

Mutane suka same shi taku bakwai daga bakin rumfar. Da gari ya waye aka ga bokitan huɗu a gefen kufai, a kife, a jere, wankakku. Wurin da aka ɗebi yashin ya koma sumul.

Armaya'u ya rayu, amma yatsun hannayensa biyu sun manne, ko fartanya ba ya iya riƙewa. Bayan mako uku takardar kamfani ta zo. Ni aka kawo wa in karanta, domin tun da na bar koyarwa aikin da ya rage mini ke nan a garin. An kore shi bisa laifi uku: ya ɗauke bokitai daga wurinsu, bai buga ƙarfe ba, bai zuba yashi ba. Ba a ambaci sabulu ba. Ba a ambaci wanda ya zaɓi kufai ba. Ba a ambaci duro goma sha ɗaya da suka kwana lafiya ba.

Na auna takun nan bakwai da ƙafata. Na rubuta wa ofishinsu na Kano sau uku, wannan ne na huɗu. Ban ce su yarda da aljanu ba. Cewa na yi a goge ƙaryar da ke kan takardar mutumin nan, a kai shi asibitin Katsina a duba hannayensa, Malam Lawal kuma ya zo ya tsaya gaban mai gari ya maimaita abin da ya faɗa ranar Litinin da ranar Laraba. Su kuma sani, sabon mai tsaron rumfar ya cika sababbin bokitai, ba wanda ya ga ya je rafi.

Gidaje tara sun riga sun kwashe jinkarsu daga bayan rumfar. Sauran suna jiran amsar Kano, suna kwana da takalmansu a bakin ƙofa.