Darar da Lantana ta sa a kaset

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan abu a Zariya ya faru, zamanin da kwamfutar gida ba ta da fuskarta, sai a jona ta da talabijin, a ɗora mata aiki daga kaset irin na rediyo.

Lantana mai buga tafireta ce a wata kwaleji. Yayanta ya dawo daga karatu da irin wannan na'ura, ta gagare shi, ya jefa ƙarƙashin gado. Ita ta ɗauko. Wata shida tana koya wa na'urar dara, layi bayan layi, kowanne da lambarsa. Malamai maza suna dariya, wai mace da dara. Ta ci gaba da aikinta.

Ranar da za ta gama, wutar unguwarsu ta ɗauke, don haka a ofis ta ƙarasa. Bayan isha ta sa kaset a jaka, ta yanke ta hanyar bakin rafi ita kaɗai.

Kwaɗi suna kuka. Sai suka yi tsit.

A tsakiyar hanya wani tsoho na zaune. Ya haƙa ramukan dara a ƙasa, ya jera tsakuwa da tsinke.

"Sannu, Baba."

Leɓɓansa suka motsa, suka tsaya. Sannan muryar ta iso.

"Ke ce kika kulle dara a akwati."

"Ni ce."

"Tamu ce, tun kafin a gina ganuwa. Kawo kaset ɗin."

Lantana ta dubi ƙasa. Dugadugansa ne a gaba, yatsun suna kallon baya. Ta karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, ta ƙanƙame jakar.

"Kakata ta koya min dara, Baba. Wata shida na yi a kan aikin nan. Ba zan bayar ba."

"To zauna. In na ci, kaset da hannun da ya rubuta nawa ne."

"In na ci fa?"

"Ki wuce."

Ta zauna. Tsakuwar da ya miƙo mata sanyi kamar ƙanƙara. Ya ci ɗaya. Ya ci biyu. Hannunta na dama ya fara mutuwa daga ɗan ƙaramin yatsa.

Sai ta daina kallonsa. Wanda ya koya wa abin da bai san komai ba dara, dole ya san kowace kafa. Ta riƙa bin layukanta a ka: duba gefe, toshe, jira. Ta toshe. Ta jira. Ta jera uku, ta ci. Ta sake.

Da tsinkensa ya ragu saura biyu, tsohon ya daɗe yana kallon ramukan.

"Wuce," in ji muryar. "Na sa miki tukuici."

Ba ta waiwaya ba har gida.

Washegari ta ɗora wa na'urar kaset ɗin a gaban malamai. Duk wanda ya zauna, na'urar ta cinye shi. Har gwanin garin aka kira, bai ci ko ɗaya ba. Aka fara yi wa Lantana kirari.

Ita kuwa ta buɗe layukan. Can ƙasa ta ga guda tara da ba ita ta rubuta ba.

"Bar su," in ji yayanta. "Da su za ki yi suna."

"Yaya, abin da ban rubuta ba ba zai zauna a aikina ba."

Ta goge su ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshe ya tafi, talabijin ɗin ya yi wani dogon huci, kamar mutum.

Daga ranar ana cin na'urar, ita ma tana ci. Lantana ta ce haka dara take. Amma ɗan ƙaramin yatsanta bai sake ɗumi ba har ta tsufa.

Hanyar rafin tana nan. In rana ta faɗi, kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai.