Wanda Ya Amsa Sunan Hadimi

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufi ana dab da kiran magriba, matar gidan tana kwashe shanya. Ta ɗaga kai, ba kowa. Daga ɗakin baƙi, wanda yanzu ya koma ofis, ta ji muryar mijinta kamar kullum: "Hadimi, kana nan?"

Injiniya ake ce masa. Kamfanin rubuta manhaja gare shi, da ma'aikata shida, har da ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Da ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wadda kake gaya wa aiki da baki ta rubuta maka, sai gogan naka ya raɗa mata suna Hadimi, ya sallami mutum shidan rana ɗaya, ya kwaso kwamfutoci ya dawo gida. Matar ba ta yafe masa ba. Ta tsani sunan nan, ta tsani yadda yake kiransa da isa, ba sallama ba bisimilla.

Kwana huɗu ana jifa. A na biyar, yana cewa "Hadimi, kana nan?" sai Auta, 'yarsu mai shekara goma sha uku, ta amsa daga tsakar gida da murya mai kauri irin ta ƙato.

"Na'am."

Tun daga ranar ta daina ci, ta daina barci. Sai ta je ta tsaya a bayan kujerar ubanta, hannu a naɗe, idanu jajir, tana jira. Injiniya ya ce zazzaɓi ne, har ya tambayi manhajar magani. Matar ta yafa mayafi ta je ta ɗauko malam, ba ta nemi izininsa ba.

Malam ya zauna gaban yarinyar ya yi ta karatu, a hankali, har duhu ya fara cin bangon ɗakin. Can ta sandare, ta yi wani irin gurnani.

"Wane ne kai, kuma me ya kawo ka?" in ji malam.

"Tambayi mai gidan," muryar nan mai kauri ta ce daga bakin yarinyar. "Wata bakwai, kullum magriba, Hadimi, Hadimi. Sunan aikina ke nan tun ba a haifi kakansa ba. Na zo na tsaya a bayansa, bai waiwayo ba, da akwati yake magana. Na yi jifa, bai waiwayo ba."

"Wallahi manhaja nake nufi," Injiniya ya ce.

"Yi min shiru, marar kunya," in ji muryar. "Wanda ya kira hadimi, ko ya ba shi aiki ko ya ba shi masauki. Aikin, akwati ka bai wa. Ni na ɗauki masauki."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Yarinyar ta yi ta murƙususu, uwar na riƙe da ƙafafunta tana hawaye, tana jin kamar ta shaƙe mijin.

"Zan fita," muryar ta ce da ƙyar. "Amma in ya sake neman akwatin nan, da baki ko da yatsa, da wannan suna ko da wani, ni zan amsa. Kuma in na dawo na zauna ke nan."

Auta ta yi atishawa, ta langaɓe jikin uwarta. Malam ya naɗe buzunsa, ya dubi Injiniya. "Ka ji da kunnenka. Yi aikinka da hannunka."

To, da wane hannun? Masu ba shi aiki duk sun watse, kowa ya samu irin manhajar a ofishinsa, saura mutum ɗaya, shi ma jibi yake jiran kayansa. Injiniya ya wuni gaban kwamfuta, layi uku ya rubuta, ukun duk ba su yi aiki ba. Ya kira ƙaninsa a waya.

"Yaya, ai kai ka ce zamaninmu ya wuce," ƙanin ya ce, ya kashe.

Magriba ta kawo kai. Matar tana tsaye bakin ƙofa, ba fuskarsa take kallo ba, leɓensa take kallo. Ya dafe goshi, ya ja numfashi, bakin da ya saba ya buɗe da kansa.

"Ha..."

Ta daka tsalle ta toshe masa baki da tafin hannu, har haƙorinsa ya yanke ta.

"Ƙarasa ka gani," ta ce a kunnensa.

A tsakar gida Auta ta bar wanke-wanke. Ta juyo da kai wajen ɗakin, tana saurare.